GARGAƊI: An damfare ni a cinikin katifa, ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi

Jama'a, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Wani mai sayar da katifa a intanet ya cuce ni. Ya karɓi albashina na wata guda cur, ya aiko wa mahaifiyata abin da bai cancanci a kira shi katifa ba. Albashin wata guda! Ina da hotunan hirarmu tun daga sallamar farko, ina da rasit, ina da takardar garantin da ya ba ni, ina da bidiyon da muka ɗauka lokacin da muka farke katifar. Duk zan ɗora su, ina rufe lambobin mutanen da ba ruwansu ne kawai.

Kafin wani ya zo ya ce min "ai da ka bincika", ku tsaya ku ji. Na bincika. Ni ba mutumin da zai ga hoto mai kyau ya zaro kuɗi ba ne. Mama na fama da ciwon baya, tsohuwar katifarta ta yi kwarmi a tsakiya, kullum da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Saboda haka na zauna na yi karatu a kan katifa kamar mai shirin jarrabawa. Na san taurin soso daban, curewarsa daban. Curewar nan ita ce 'yan kasuwa ke kira densiti, wato kilo nawa soson yake yi a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, kuma ita ce take nuna ko katifa za ta daɗe ko za ta lotsa da wuri. Soso zai iya yin tauri a hannu ranar farko alhali cikinsa iska ce. Na kuma san ba dole ne mai ciwon baya ya kwana a kan abu mai taurin katako ba. Akwai binciken da aka yi a ƙasar Sifen a kan mutum 313 masu ciwon baya, mujallar likitoci ta The Lancet ta buga shi a 2003, inda aka ga waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a mai tauri sosai. Da wannan sanin na shiga ciniki. Tambayoyin da na yi wa mutumin nan, wallahi ko mai shago zai yi wa kamfani iyakarsu ke nan.

Kuma duk ya amsa. Inci 10, ya ce. Ƙafa 6 da 6. Densiti 30. Garantin shekara 10. Inci 2 na sama soson nan ne mai bin siffar jiki, wanda idan ka danna da tafin hannu sai sawun ya tsaya kaɗan kafin ya dawo a hankali. Har labarin asalinsa ya ba ni, cewa don aikin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, aka fara ƙirƙiro shi a shekarun 1960, kuma gaskiya ya faɗa, na riga na karanta haka. Mutumin ya san sana'ar. Da saninsa ya yanke ni.

Ga wurin da nake ta komawa a raina dare da rana. Mun yi kiran bidiyo, yana tsaye cikin katifu jere har sama. Na nuna wata mai sifirin, irin wadda kowane sifirin yake cikin aljihunsa daban, na ce ita nake so ko da ta fi tsada. Sai ya girgiza kai. Ya ce, "Yallabai, kada ka ɓata kuɗinka. Wannan ta ma'aurata ce, don kada motsin ɗaya ya tashi ɗaya. Mama ita kaɗai ce, ga shekaru, wannan mai soson ta ishe ta. Yadda ba zan cuci uwata ba, haka ba zan cuci taka ba." Ya hana ni sayen mai tsada! Ku faɗa min, ɗan kasuwar da ya hana ka ƙara masa kuɗi, wa zai zarge shi? A nan na sakankance. Ya zuge zif ɗin wata katifa a gabana, ya nuna min soso tun daga sama har ƙasa, ya danna, ya hau kai da ƙafa, ya sauka, ta dawo daidai. Da idona na gani. "Yadda ba zan cuci uwata ba." Haka ya ce, kuma ina da muryarsa, don ya sake maimaitawa a saƙon murya washegari.

Mama ba ta faɗa min komai ba, wannan ma wani ciwon ne. Duk lokacin da na kira na ce, "Mama, ya katifar?" sai ta ce, "Alhamdulillahi, Allah ya yi maka albarka." Ashe ta koma shimfiɗa bargo a ƙasa, ba ta so in ji cewa kuɗina sun tafi a banza. Ƙanwata ce ta kira ni ta ce, "Yaya, katifar nan fa ƙara take yi." Na ce ƙara kamar yaya, soso ne fa, babu ƙarfe a ciki. Ta ce in zo in ji da kunnena.

Na tsallake maganar kuɗin, bari in koma. Kashi 70 cikin 100 na tura a matsayin kafin alƙalami, sauran kashi 30 sai kaya sun iso. Ni na kawo wannan sharaɗin, shi duka ya so. Sunan da ke kan asusun ba sunan shagon ba ne, na lura, kuma na tambaya. Ya ce asusun abokin kasuwancinsa ne, na shagon yana da matsala a ranar. Ƙananan 'yan kasuwa nawa ne ke karɓar kuɗi ta asusun wani? Ni kaina na sha sayen kaya haka lafiya lau. Kashi 70 na tura, na riƙe 30 don kare kaina. Wane mai hankali ne zai ce ban yi taka-tsantsan ba?

Direban da ya kawo ta da duhu ya iso, yana ta sauri wai akwai sauran kaya a mota. Katifar na cikin leda mai kauri, yadinta fari tas, ɗinki mai kyau, ga tambarin wani sanannen kamfani a kusurwa. Na sa tef na auna: inci 10 cif. Na danna, ta yi laushi a sama, tauri a ƙasa, daidai yadda aka kwatanta. Na nemi zif ban gani ba. Na kira mutumin a take, direba na tsaye, ya ce sabon samfurin ba ya zuwa da zif, kuma idan aka farke ɗinki garanti ya tashi. Na cika masa kashi 30 ɗin. Shi ke nan albashin wata guda ya kammala fita daga hannuna, har ina yi wa direba godiya. Da muka ɗaga ta ni da ƙanina ta yi mana sauƙin ɗauka, har ya ce, "Yaya, ba ta da nauyi fa." Na ce irin na zamani ke nan. Ni da bakina.

To ranar da na je jin ƙarar, ina zama a bakin gadon na ji ƙiiƙ, irin kukan da farin abin nan mara nauyi ke yi, wanda ake tokare sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Gefen da Mama ta kwana ya riga ya lotsa, ga sawun ƙugu nan a fili, bai dawo ba. Na aro sikeli. Lissafin ba wuya: katifa ƙafa 6 da 6 mai inci 10, girmanta ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na mitar nan da ake awon densiti da ita. Idan densiti 30 ce, dole soson kaɗai ya haura kilo 25, ban da yadi. Mun ɗora ta. Kilo 14. Na ce sikelin ne, na hau da kaina, ya nuna nauyina daidai. Muka sake ɗora ta. Kilo 14. An sayar min da kilo 25, an kawo min kilo 14.

Na sa reza na tsaga ɗinkin gefe. Inci 2 na soso a sama, rawaya, sakayau, idan ka ɗaga shi a haske kana hango ramukansa, ka danna ya tashi nan take, babu wani bin siffar jiki. Inci 2 irinsa a ƙasa. Tsakiya kuwa, inci 6 cur, wannan farin abin kwalin firji ne, an yanka shi falle-falle an manna da gam. Inda ƙugun Mama yake sauka ya murƙushe, ƙananan ƙwayoyinsa farare suna zubowa suna manne min a hannu da riga. A kan wannan uwata mai ciwon baya ta kwana. Inci 6 cikin inci 10. Ƙanwata ta fashe da kuka, ni kuma na kasa cewa komai, na dai ci gaba da ɗaukar bidiyo hannuna na rawa.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin mu farke ta na yi masa magana a kan lotsawar. Cewa ya yi a ba ta awa 72 ta gama buɗewa. Wannan magana ce ta katifun da ake matsewa da inji a naɗe su a kwali, su ne ke buƙatar kwana ɗaya zuwa uku su kumbura. Tamu a shimfiɗe ta zo, kuma lokacin ta daɗe a ɗaki. Da na faɗa masa haka sai ya juya, wai wataƙila katakon gadon ne ba daidai ba. Daga nan sai ya ce, kuma wannan ce ba zan yafe ba, wai ko Mama tana da jiki sosai? Tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya turewa! Matar da ya rantse da uwarsa a kanta! Da na tura masa bidiyon abin da ke ciki, ya gani, alamar ta nuna ya buɗe. Ya rubuto layi ɗaya: tunda na farke ɗinki, garanti ya tashi. Bayan nan ya toshe ni. Lambar ba ta shiga, shafin ya sauya suna, amma hotunan nan su ne, har da bidiyon da yake hawa katifa da ƙafa. Yana nan yana talla yanzu haka da nake rubutun nan.

Garantin shekara 10 kuwa, na sake karanta takardar da idon basira. Babu adireshi, babu lambar katifa, babu sharaɗi ko ɗaya. Garantin gaskiya yana faɗin zurfin lotsawar da za a karɓa, yana faɗin abin da ke soke shi, kamar tabo ko ɗora katifa a kan gadon da bai dace ba, yana faɗin inda za ka kai ƙorafi. Nawa kalma biyu ce manya da hatimi. Na tuntuɓi kamfanin da tambarinsu ke jiki, na tura musu hotuna, suka ce ba aikinsu ba ne kuma mutumin ba dilansu ba ne. Tambarin ma na bogi ne. Na kai ƙorafi banki, na kai rahoton shafin, ina jira.

Wani abokin aikina ya ce min wai ai arha na bi. Wace arha? Albashin wata guda ne arha? Kuɗin katifar kirki na biya, cif-cif, shi ya sa ban yi zargi ba. Da ya karya farashi da na gudu. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, a makon farko har lambarsa na ba wa wata 'yar'uwarmu da ke neman katifa, na ce mata ga mutum mai amana. Ni na ce mata haka. Allah ya sa ba ta riga ta tura ba, na kira ta cikin dare na ce ta dakata. Har yanzu idan na tuna "Yallabai, kada ka ɓata kuɗinka", sai in ji kamar in... ku bar shi kawai. Ya kalli fuskata a waya, ya ji ina cewa mahaifiyata ba ta iya miƙewa da safe, ya aiko mata da wannan.

Ku dai ku kula. Kada ku biya kuɗin katifar da ba ku kwanta a kanta ba, ita wadda za a ba ku, ba 'yar'uwarta ta nuni ba. A buɗe zif a gabanku, in babu zif a ɗora ta a sikeli a yi lissafi da densitin da aka faɗa. Nauyin ma kada ku tsaya a kansa kaɗai, akwai masu zuba garin alli a cikin soso don ya yi nauyi, sai ya riƙa dagargajewa daga baya. Kalmar "ta masu ciwon baya" da ake bugawa a jiki kowa na iya buga ta. Ku tambayi kamfani ko mutumin dilansu ne. Sunan asusu ya saɓa da na shago, ku fasa. Kada ku karɓi kaya da duhu.

Hotunan da bidiyon suna zuwa, har da saƙon muryar. Duk wanda ya gane shafin, ko shi ma aka kawo masa katifa mara zif mai ƙara, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina tattara sunayen waɗanda ya cuta don mu shigar da ƙara tare.