Doguwar bindigar ɗuri mai ƙaramin baki: wane salo za ka haɗa?

Mai sha'awar haɗa doguwar bindigar ɗuri irin ta Amurka, wadda wasu ke kira ta Kentaki wasu kuma ta Pensilbaniya, yawanci da hoto yake farawa. Ya ga wata mai faɗin gindi da sassaƙa kamar ganyen inabi, ransa ya biya, sannan ya ce a yi masa ita da baki .32, wato faɗin ramin bututu inci 0.32, domin kurege da zomo kawai zai harba. Tun daga nan lissafi ya karkace. Girman baki da salon ƙota, wato itacen da ke riƙe da bututun, tare suke tafiya, saboda kowane girma da zamaninsa, kowane zamani kuma da siffar da maƙeransa suka ba itace.

Maƙeran Jamus da suka sauka Pensilbaniya a farkon ƙarni na 18 sun zo da bindigar farautarsu, Jaeger, gajera mai kauri, bakinta kan kai .60 ko ya wuce. A garin Lankasta na Pensilbaniya da kewayensa aka riƙa ƙara mata tsawo ana rage mata baki. Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, daga 1775 zuwa 1783, baki .50 zuwa .60 shi ne ruwan dare. Sai da manyan namun daji suka ja baya a gabashin ƙasar, farauta ta koma ta ƙananan dabbobi da gasar harbi, sannan .40 da .36 da .32 suka yawaita, musamman daga wajen 1820 zuwa 1850. Akwai tsimi a ciki: laba ɗaya ta dalma tana ba da ƙwallon .32 kusan 150, alhali na .50 kusan 40 ne. Wanda ya saba da adakar maharbanmu zai gane ɗurin nan take, albarushi ta baki, sannan harsashi, sannan sanda. Bambancin shi ne wannan tana da tsaga masu murɗawa a cikin bututu, kuma ƙwallo ɗaya ake naɗewa cikin ƙyalle mai maiko, shi ya sa take kai harbi inda aka auna.

Ka fara tsayar da girman baki kafin komai. Ƙwallon .32 bai cika giram 3 ba, albarushi kaɗan yake ci, ƙararsa ba yawa, kuma ba ya lalata naman kurege. Amma iska na wasa da shi, dauɗar albarushi na saurin toshe masa hanya, sandar ɗurinsa kuma siririya ce ƙwarai, hannu mai gaggawa zai iya karya ta. Na .36, mai giram 4 da ɗoriya, ya fi shi haƙuri. Na .40, wajen giram 6, shi ne masu gasar harbi suka fi so, kuma yana karɓar sandar icen hikori mai kaurin inci 3/8, wadda ba ta saurin karyewa. Idan kana tunanin barewa wata rana, ka duba dokar jihar: a Pensilbaniya, lokacin farautar barewa da bindigar ƙyastu, sai baki .44 zuwa sama ake yarda da shi. A ganina .36 ko .40 ne ya dace da bindigar farko, .32 kuwa sai ga wanda ya san kurege kaɗai yake nufi.

Abin da sabon shiga ba ya tsammani shi ne ƙaramin baki nauyi yake ƙarawa. Ramin da ba a huda ba ƙarfe ne ya zauna a wurin. Bututu mai fuska takwas, tsawon inci 42, kauri ɗaya daga gindi har baki, in faɗinsa inci 7/8 ne kuma bakinsa .32, shi kaɗai yana kusantar kilo 3. In aka rage faɗin zuwa 13/16 ya dawo wajen kilo biyu da rabi, a 3/4 kuma ya ɗan haura kilo 2. Akwai kuma bututu mai ƙugu, wanda ke da kauri a gindi, ya sirance a tsakiya, ya ɗan buɗe a baki. Ya fi tsada, shigar da shi cikin itace ya fi wuya, amma yana dawo da nauyi tsakanin hannayenka biyu maimakon ya rataye a can gaba. Duk salon da ka zaɓa dole ya zama wanda zai zauna lafiya a kan siririn bututu.

Wannan ne ya fitar da salon farko daga lissafi. Bindigogin Christian's Spring, mazaunin mabiya ɗarikar Morabiya kusa da Nazareth ta Pensilbaniya, inda Andreas Albrecht da Christian Oerter suka yi aiki, da na farkon Lankasta da na farkon Birjiniya, duk masu faɗin gindi ne, wajen inci biyu, da kaurin wuya, wasu da akwatin ajiye ƙyallen ɗuri a gefen gindi, murfinsa na itace mai zamewa. An gina su ne a kan babban bututu mai babban rami. Ka sa .32 a cikin irin wannan, ka zama wanda ya ɗauki taɓarya zuwa farautar kurege, kuma masana suna gani za su san zamanin bai haɗu ba. In zuciyarka na kansu, ka yi ta da .54 ka huta.

Lankasta ta baya, daga wajen 1790 zuwa 1830, ta fi kusa. Layukan ƙotarta miƙaƙƙu ne sama da ƙasa, tana hawa kafaɗar kusan kowa, kayan tagullarta kuma su suka fi sauƙin samu a kasuwa. Jacob Dickert, wanda ya rasu a 1822, da Melchior Fordney da ya biyo baya, su ne sunayen da za ka fi cin karo da su, tare da akwatin ƙyalle na tagulla mai kan fure. Baki .40 yana zama mata daidai, .36 ma a kan irin ta Fordney. Sai dai salo ne da ke neman ado. Akwatin tagullar yana son zane, bayan majingin kumatu yana son sassaƙa, kuma sassaƙar da hannu bai ƙware a kanta ba ta fi rashinta muni. Mafita ita ce ka bi sahun bindigogin aiki marasa ado irin waɗanda masana'antar Henry Leman ta riƙa fitarwa a Lankasta tun 1834.

Ta yankin Lehigh na Pensilbaniya ta fi kowace ɗaukar ido, kuma ita ce zan hana mai farawa. Doron ƙotarta yana gantsarewa ya sauko, cikinta ma yana bin lanƙwasar, wuyanta ya fi faɗi a kwance fiye da a tsaye, gabanta siriri ne har kana jin kamar zai karye a hannu. Herman Rupp da John Moll da Peter Neihart su ne ake koyi da su, da jan fenti mai sheƙi da ɗan kan mutum da ake sakawa gaban kariyar kunama. Ƙaramin baki bai saɓa mata ba. Amma kuskuren kauri kaɗan yana kashe siffar gaba ɗaya, kuma in ba a auna lanƙwasar da fuskar mai ita ba, tana dukan kunci. Maƙwabciyarta ta gundumar Bucks, mai akwatin da ke buɗewa ta gefe, wahalarsu ɗaya.

Bedford ta Pensilbaniya da Ohayo na wanda ya yarda da zamanin hular wuta ne, wato 'yar hular tagulla da ta maye gurbin ƙyastu daga shekarun 1830. Ta Bedford siririya ce, gindinta ya sunkuya ƙasa sosai, farantin makunninta, wato na'urar da ke kunna albarushi, dogo mai wutsiya kamar ta ɓera, kuma samun wanda ya dace da shi a kasuwa ba kullum ba ne. Ta Ohayo, irin ta John Vincent da ɗansa John Caleb Vincent na gundumar Washington, yawanci rabin ƙota gare ta, itacen ya tsaya a tsakiyar bututu. Ita ce bindigar kurege ta asali a .32 da .36, sai dai bututunta miƙaƙƙe ne mai nauyi, kuma wanda ke mafarkin ƙota mai bin bututu har baki ba zai gamsu da ita ba.

Inda na fi karkata shi ne bindigar duwatsun kudu, ta gabashin Tenesi da yammacin Karolina ta Arewa. Dalilina na farko shi ne gaskiyar tarihi: a wannan yanki ƙaramin baki da dogon bututu da ƙyastu sun daɗe tare, har bayan birane sun koma hular wuta. Iyalin Bean a yankin Jonesborough, iyalin Gillespie a gefen kogin Mills na Karolina ta Arewa, da maƙeran Soddy-Daisy kusa da Chattanooga, kowa da hannunsa, amma jininsu ɗaya. Baƙin ƙarfen da maƙeri ya buga a kan uwar maƙera shi ya maye gurbin tagulla. Ka ɗauki ɗaya ka juya ta a hannu: wutsiyar bututu ta miƙe doguwa a kan wuyan ƙota, wani lokaci har ta hau doro, tana ƙarfafa wurin da itace ya fi rauni. Akwatin ƙyalle, in akwai shi, siriri ne mai siffar ayaba. In babu, rami ne kawai aka fafe a gefen gindi aka cika da kitse, maharbi ya shafa ƙyallensa a kai ya ɗura. Kunama biyu ce, ka ja ta baya ta ɗana, ta gaba kuma taɓawa kawai take jira. Farantin gindi ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, a dantse ake kafa shi maimakon ramin kafaɗa, kuma tunda ƙaramin baki ba ya naushi, ba ya cutarwa. Akwai ma wadda ba ta da farantin gindin ko kaɗan, ta talaka ke nan, kuma tana nan a tarihi, ba ƙirƙirar 'yan kasuwar yau ba ce.

Kada rashin adon ya sa ka ɗauka aikin wasa ne. Inda babu tagulla da sassaƙa, ido ba shi da abin kallo sai layi, saboda haka duk itacen da ka bari fiye da kima a gaban ƙota ko kewayen makunni zai fito fili. Amma wannan darasi ne da magagari da makankari za su koya maka a hankali, ba kamar zanen ƙarfe ba da ke cin shekaru. Shi ya sa nake ganin ita ce ta fi dacewa da bindigar farko.

Makunnin ma da asalinsa. Nau'in Siler, wanda ya fi kowane yawa a kasuwa, siffar Jamus gare shi, mai tsinin wutsiya, ya dace da Pensilbaniya. Maƙeran duwatsun kudu kuwa sun fi amfani da makunnan da aka shigo da su daga Ingila, irin na gidan Ketland na Birmingham, don haka mai siffar Ingila ta baya za ka nema. Kada ka yi rowa a nan. Makunnin ƙyastu maras kyau yana jinkirin tashi, kuma abin harin ƙaramin baki ƙarami ne, jinkirin ƙiftawar ido ya isa ka kuskure. Itace kuma, mafil mai zanen damisa ya dace da Pensilbaniya da Ohayo, a kudu kuwa mafil da walnat duk sun halatta. Mai tauri ya fi mai yawan zane amfani.

Wajen saye, hanyoyin sun bambanta da yawan aikin da aka bar maka. Kibler's Longrifles a Ohayo suna sayar da kayan haɗin bindigar duwatsun kudu a .32 da .36 da .40 da .45, waɗanda injin kwamfuta ya yanka har kusan kammalawa, naka shi ne gogewa da rini da haɗawa. Siffar ta fito daidai, amma taka za ta yi kama da ta duk wanda ya saya. Jim Chambers Flintlocks a Karolina ta Arewa sun fi ƙarfi a salon Pensilbaniya da Birjiniya, kuma aikin hannun da ke ciki ya fi yawa. Track of the Wolf a Minesota da Pecatonica River a Ilinoi suna ba ka damar zaɓar bututu da ƙota da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, wanda alheri ne ga masani, tarko ga wanda bai sani ba, domin nan ne ake haɗa gindin Lankasta da kariyar kunamar Tenesi. Hanyar kauce wa wannan ita ce ka zaɓi tsohuwar bindiga guda ɗaya, ko aikin maƙeri guda, ka bi ta sau da ƙafa. In kana Amurka, taron NMLRA, ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta ƙasar, wadda aka kafa a 1933, a garin Friendship na Indiyana, da bajekolin Contemporary Longrifle Association a Lexington ta Kentaki, wurare ne da za ka riƙe bindigogin a hannu. Hoto ba ya nuna sirantar gaban ƙota, tafin hannu ne ke gane ta.

Kafin ka tura ko kwabo, ka san dokar inda kake zaune. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ware irin waɗannan bindigogin ɗuri daga sauran makamai, amma wasu jihohi da birane suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigar ɗuri cikin waɗanda ke bukatar izini, kuma ƙerawa ko shigo da sassanta ba tare da lasisi ba laifi ne, ko da niyyarka ka rataye ta a bango ne kawai.