Hattara da Jabun Sigarin Kyuba: Ganyen Waje Mai Sheƙi, Ciki Kuwa Shara

Masu sayar da jabun sigarin ganye, wato mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu, sun yawaita a Instagram da WhatsApp, haka ma masu tare baƙi a titunan Habana, babban birnin Kyuba. Suna tallar Cohiba da Montecristo, shahararrun samfuran sigarin Kyuba, a rabin kuɗi ko ƙasa da haka, labarinsu kuma kusan ɗaya ne: wai wani ɗan'uwansu ne ke aiki a masana'antar yake fito musu da kayan. Hujjarsu ita ce hoton kara da aka ɗauka dab da dab, ganyen na ta ƙyalli, sannan su ce ai ganyen waje ne ke ɗauke da kashi 70 ko 90 cikin 100 na ɗanɗano, in ya yi kyau an gama. Maganar na da ƙanshin gaskiya, shi ya sa take cin mutane.

Kowane kara sassa uku ne. Akwai ganyen ciki, shi ne mafi yawa. Akwai ganyen ɗauri da ke riƙe shi, sai ganyen waje guda ɗaya tal, siriri, da ake lulluɓe karan da shi daga ƙasa zuwa kai. A Kyuba ganyen ciki iri uku ake haɗawa: volado daga ƙasan shuka domin wuta ta ci daidai, seco daga tsakiya domin ƙamshi, ligero daga sama domin ƙarfi. Ganyen waje kuwa a ƙarƙashin rumfar yadi ake noma shi don kada rana ta kaurara shi, kuma shi ne ganye mafi tsada a jikin karan.

Tasirinsa gaskiya ne. Shi ke taɓa leɓe, kuma shi ke ci a gefen da iska ta fi isa. Ganyen inuwa na Connecticut, mai launin ƙasa-ƙasa da haske, laushi yake bayarwa. San Andrés na Meksiko da Broadleaf sukan zo da zaƙi-zaƙi da nauyi, na Kamaru kuma siriri ne mai ɗan yaji. Amma babu wani kaso guda da ya dace da kowane kara, domin kauri ne ke yanke hukunci. Ana auna kaurin da kashi ɗaya cikin 64 na inci, don haka mai lamba 38 siriri ne, mai lamba 60 kuma ƙato. Idan kara ya ƙara kauri, cikinsa na ƙaruwa fiye da yadda kewayensa ke ƙaruwa, har rabon ganyen waje a mai lamba 38 ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na rabonsa a mai lamba 60. Ko a siririn ma, ganye ɗaya ba ya iya rufe ɗacin ruɓaɓɓen ciki. Minti biyar da kunnawa asiri yake tonuwa, sai dai a lokacin kuɗi sun riga sun tafi.

To ga yadda ake haɗa jabun. Ana samo ganyen waje mai kyan gani, a naɗe shi a kan ɓarɓashin taba da aka share daga ƙasa, da jijiyoyin ganye, da ƙura, wani lokacin har da abin da ba taba ba ne. Irin wannan kara yakan yi taushi a wani wuri ya yi tauri a wani idan an matsa shi a hankali tsakanin yatsu biyu. Idan an kunna, ko dai ya toshe, ko ya ci da sauri ya yi zafi, ko gefe ɗaya ya riga ɗaya ƙonewa. Tokarsa ba ta tsayawa, watsewa take yi, domin babu dogayen ganyen da za su riƙe ta.

Zamba ta biyu ta fi wuyar ganewa, ita ce ta rini. Baƙin ganyen da ake kira maduro ba haka yake fitowa daga gona ba. Ana tara ganye masu kauri a jibge, zafin da suke haifarwa da kansu ya riƙa dafa su a hankali, ana juyawa, ana jira watanni har launi ya yi duhu, zaƙi ya fito. Cohiba Maduro 5 da ya fito a 2007, shekara biyar ake ajiye ganyensa na waje. Mai gaggawa ba ya da wannan haƙurin, sai ya shafa wa ganye mara daraja rini ko ya turara shi, ya ƙara da mai don ya yi sheƙi. A sami farin ƙyalle mai ɗan danshi a goga a jikin karan sau biyu ko uku. Ganye na gaskiya iyakarsa ya bar ɗan dishi-dishin launin ƙasa, rinanne kuwa baƙin layi yake bari, kuma yakan ɓata leɓe da yatsu yayin sha. A duba launin a hasken rana: maduro na gaskiya yana da wurare masu duhu da masu ɗan haske, rinanne kuwa baƙi ƙirin ne bai ɗaya kamar takalmin da aka goga wa mai. Kuma duk wanda ya ce baƙin ganye shi ne alamar ƙarfi bai san sana'ar ba ko yaudara yake yi. Ƙarfi daga ligero na ciki yake zuwa. Haka wanda ya ce mai hasken launi ba ya cutarwa: hayaƙin taba ne duka, da fari da baƙi, illarsa ga baki da maƙogwaro da huhu tana nan.

Sai kwali. Cohiba a kwali mai murfin gilashi ko roba mai nuna ciki jabu ne, ba sai an buɗe ba. Kwalin gaskiya na ɗauke da hatimin gwamnatin Kyuba mai launin kore da fari, wanda tun 2009 aka ƙara masa tambari mai walƙiya da lambar da ake dubawa a shafin kamfanin da ke sayar da sigarin Kyuba, wato Habanos S.A. A ƙasan kwalin akwai rubutu uku da aka danna da zafi har suna jin yatsa: Habanos S.A., Hecho en Cuba, da Totalmente a mano. Kusa da su akwai tambarin tawada mai nuna masana'anta da wata da shekarar da aka cika kwalin. Lambar da ta yi daidai a intanet ba ta isa hujja ba, domin ana kwafar lambar gaskiya a buga a kwali da yawa, ana kuma sayen kwalin gaskiya da ya ƙare a sake cika shi da jabu.

Don haka a duba karan kansu. A masana'anta akwai ma'aikacin da aikinsa kawai tace launi, shi ya sa duk karan da ke kwali ɗaya suke kusan launi guda, zoben takardarsu kuma a tsayi ɗaya yake a jere. A kan kowane kara mai zagayayyen kai akwai layuka uku na rufin kai, a tsare. Tsawo ma a ƙayyade yake: Cohiba Espléndidos milimita 178 ne da lamba 47, Montecristo No. 4 milimita 129 da lamba 42. A sa ma'auni. Idan karan kwali ɗaya sun bambanta da juna da milimita uku ko huɗu, ba daga masana'anta suka fito ba. Behike BHK kuwa, samfurin Cohiba da ya fito a 2010, goma-goma ake saka shi, saboda haka kwali mai 25 ƙarya ne.

Gwajin da ba ya kuskure shi ne a sadaukar da kara ɗaya. A tsaga shi da reza daga kai zuwa ƙasa, a warware. Cohiba ko Montecristo da aka naɗa da hannu zai nuna dogayen ganye a ninke, kowanne ya kai tsawon karan. Idan gutsattsari suka zubo, magana ta ƙare. Akwai dai samfuran Kyuba na gaskiya masu araha, irin José L. Piedra, da ake yi da gajeren ganye, amma ba a ɓoye hakan, kuma kuɗinsu ba ya kusantar na Cohiba.

Mai sayarwar da ya ƙi a tsaga kara ɗaya, ko ya ƙi turo hoton ƙasan kwali, ko ya nace sai an biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi, a bar masa kayansa. A lura kuma da ƙananan ramuka masu faɗin kan allura a jikin ganyen. Aikin ƙwaron taba ne, wanda ke ƙyanƙyashewa idan an ajiye kaya cikin zafi da danshi, kuma kara ɗaya mai rami na iya lalata duk abin da aka ajiye tare da shi.