Wata shida ina reno da EGM-2 a labonmu na Yamai

Amosanin jini ne ya kai ni ga wannan aiki. Ƙanwata na da shi, kuma ciwon bai tsaya ga jajayen ƙwayoyi ba, har shimfiɗar cikin jijiyoyin jini yana ci. Tun a 2000 Robert Hebbel da abokan aikinsa na Minesota, Amurka, suka nuna ana iya tsirar da ƙwayoyin wannan shimfiɗa daga jinin da aka ɗiba a hannu. Su nake reno, da EGM-2, ruwan ciyar da ƙwayoyi a faranti, na kamfanin Lonza.

Ruwan ya yi mini aiki, gaskiya. Na shafe faranti da kolajin, wani furotin da ƙwayoyi ke mannewa a kai, na ƙara ruwan jinin ɗan tayin saniya zuwa kashi 10, tunda kashi 2 da yake zuwa da shi bai isa tsiron farko ba. Daga jinin baligi sai an jira mako biyu zuwa uku kafin su tsiro. Ranar da na leƙa madubin ganin ƙananan halittu na ga tarin farko, ƙwayoyi jere kamar pabe na titi, sai da na kira malamina da gudu.

Amma kada kowa ya ɗauka ruwa mai kyau na hana tsufa. Abin kamar dashen albasa ne a Galmi: hannun mai dashe na da nasa rabo. Farantan da na watsa ƙwayoyi ƙalilan, don in samu da yawa, su suka fara gajiya. Ƙwayoyin suka yi faɗi, suka baje, suka daina rabuwa, kuma da na zuba rinin gwajin tsufa sai ga shuɗi ko'ina, alamar sun tsufa. Waɗanda na dasa da ɗan kauri, kafin su cushe, sun daɗe suna yaɗo. Wannan ya dame ni ƙwarai, don jinin mara lafiya amana ce, ba na son ɗigo ya tafi banza.

Akwatin reno na son digiri 37 da iskar kabon kashi 5 ba motsi. Lokacin zafin Afrilu da ɗaukewar wuta, in gurup, wato janareta, bai tashi da wuri ba, washegari za ka gani a faranti. Sinadaran ƙari da ake zubawa cikin EGM-2 kuwa a daskare suke tafiya, don haka ka tabbatar da ƙanƙarar hanya kafin ka biya.

Zan sake sayen EGM-2. Wannan karon sai na jira sanyin Disamba in yi oda.