Sharhi: Aikin wani mai gyaran keke a Bauchi wajen daidaita sirdi da kan keke

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekuna suka fara dawowa kan titunan Bauchi, kuma ina cikin ma'aikatan da suka jingine babur suka sayi keken gwanjo mai giya, irin mai taya inci 26, domin zirga-zirga tsakanin Yelwa da cikin gari. Rabona da keke tun ina firamare, saboda haka da ni da sabon koyo babu wani bambanci. Sharhin nan a kan wani dattijo ne mai gyaran keke da ke da rumfa a wajajen Kasuwar Wunti, wanda na kai wa keken bayan gwiwoyina sun fara ciwo ta gaba, mazaunaina suna zafi, ƙananan yatsun hannuna kuma suna sagewa tun ban yi rabin hanya ba.

Na je ne da niyyar sayen rigar sirdi mai soso, domin shawarar da kowa ke ba sabon mahayi ke nan. Yana da ita a rataye, amma bai miƙo min ba. Sai ya ce, "Malam, hau in gani tukuna." Ya riƙe kan keken, ya sa na ɗora diddigena a kan feda, na juya ta baya har ta sauka can ƙasa. Gwiwata tana nan a lanƙwashe sosai. Mai shagon da ya sayar min da keken ya sauke sirdin ne domin ƙafafuna biyu su taɓa ƙasa ina zaune, kamar yadda ake yi wa kusan duk mai tsoron faɗuwa, kuma a ganin dattijon nan ne tushen ciwon. Ya kwance ƙusar da ɗan makulli mai kusurwa shida, ya riƙa ɗaga sirdin kaɗan-kaɗan har ƙafar ta miƙe sak da diddige a kan feda, ba tare da ƙuguna ya karkata gefe ba. Da na mayar da tudun tafin ƙafa kan fedar, wato yadda ake tuƙi, sai ɗan lanƙwasa kaɗan ya rage a gwiwar.

Bayaninsa ya yi daidai da abin da masana harkar suka sani. Sirdin da ya yi ƙasa yana tara nauyin tuƙi a gaban gwiwa, wanda ya yi sama da yawa kuma yana jan jijiyar bayan gwiwa, ya sa mahayi yana rangaji a kan sirdi har cinyoyinsa su goge. Da na koma gida na gwada aikinsa da awon tela, ta hanyar lissafin da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Ana auna tsawon ƙafa ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar inda hannun feda ke juyawa da saman sirdi. Ga mai tsawon ƙafa santimita 80 irina, lissafin ya ba da kusan 70.6, kuma abin da dattijon ya yi da ido kawai bai kauce wa wannan da ko santimita ɗaya ba. Ya kuma nuna min wani layi da aka zana a jikin ƙarfen sirdin, ya gargaɗe ni kada in taɓa zaro ƙarfen ya wuce wurin, domin yana iya karyewa ko ya tsaga firam, wato gangar jikin keken.

Maganar yatsu ta fi ba ni mamaki. Ashe hancin sirdin ya sunkuya ƙasa, ina ta zamewa gaba ina tokare jikina da tafin hannu, jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa tana dannuwa. Ya ɗora wani guntun katako a kan sirdin ya daidaita shi ya kwanta sosai, sannan ya ɗan ɗago kan keken, ya juya hannuwan birki suka kalli ƙasa kaɗan yadda wuyan hannu ba zai lanƙwashe ba. Game da zafin mazaunai kuwa, cewa ya yi in yi haƙuri jiki ya saba, domin soso mai kauri yana lotsewa ne ya koma yana matsa inda bai kamata ba. Gaskiyarsa, zafin ya tafi da kansa, ko da yake satin farko bayan ɗaga sirdin na sha fargaba a duk inda aka tsaya, kafin in koyi zamowa gaba in sauke ƙafa ɗaya.

Sai dai aikin nasa ba ya rasa abin kushewa. Ya malala wa kacar baƙin man mota, kuma a ƙurar hunturun Bauchi wannan mai yana tara yashi ne ya zama laka mai cin haƙoran giya, har sai da na wanke ta da kananzir na sa mai mara kauri. Iskar taya ma da babban yatsa yake gwada ta, alhali masu ƙera tayar sun rubuta adadin iskar da ta dace a gefenta. Wurin gwaji kuwa babu shi, sai dai ka kutsa cikin Keke NAPEP da masu baro da sirdin da ba ka saba da tsayinsa ba, wanda hakan ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai koyo. Da na ce masa, "Baba, ba a samu lungun da za a gwada ba?" dariya kawai ya yi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin sifana. Firam ɗin keken ya ɗan yi min tsawo, kuma bai ɓoye min ba. Ya ce tura sirdi gaba domin a kusanci kan keke zai dawo da ciwon gwiwar ne, maganin shi ne a samo guntun ƙarfen da ke riƙe kan keken wanda bai kai wannan tsawo ba, shi kuma ba shi da shi a rumfarsa. Har yanzu idan na miƙa hanyar Dass ranar Asabar, kafaɗuna sukan gaji kafin ƙafafuna.

Kuɗin da ya karɓa bai kai na rigar sirdin da na je saye ba. Duk sabon mahayi a garin nan zan tura shi wurin irin wannan dattijo domin sirdi da kan keke da birki, amma ya je da sassafe kafin kasuwa ta cika, ya tafi da man kacarsa, kuma idan bai riga ya sayi keken ba, ya fara tsayawa da firam ɗin a tsakanin ƙafafunsa ya tabbatar akwai 'yar rata kafin ya biya.