Tudor Chamber Books: littattafan kuɗin Sarki Henry na Bakwai a intanet

Shafin Tudor Chamber Books kyauta ne, kuma duk mai son sanin yadda Henry na Bakwai ya riƙe Ingila daga 1485 zuwa 1509 ya kamata ya leƙa shi. Masanan Jami'ar Winchester da na ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan ne suka kwafe littattafan shige da ficen kuɗin fada har zuwa 1521, cikin zamanin ɗansa Henry na Takwas, yadda za a iya neman suna ko kalma a ciki.

Darajar littattafan daga tsarin sarkin ta samo asali. Tsohon baitulmali yana da jan ƙafa, sai Henry ya karkatar da yawancin kuɗin zuwa ɗakinsa, wato Chamber, a hannun ma'ajinsa, Thomas Lovell da farko, sannan John Heron daga 1492. Sarkin da kansa yake bin lissafin yana sa hannu. Ƙanana da manya duk suna ciki: abin da ya yi asara a karta, tukuicin makaɗa, da fam 10 da aka ba mutumin da ya gano sabon tsibiri a 1497, wato John Cabot.

Amma inda shafin ya fi amfani shi ne jerin takardun lamuni da basussuka. Sarki yakan sa basarake ya rattaba hannu cewa ana bin sa kuɗi masu yawa, waɗanda ba za a karɓa ba muddin bai saɓa ba, a kuma sa wasu manya su tsaya masa. In ya kauce, har da su za a kama, don haka kowa na sa wa ɗan'uwansa ido. Dubi Lord Burgavenny. A 1507 an ci shi tarar fam 70,650 saboda ajiye barori 471 ba da izini ba, fam 5 kan kowane mutum a wata, har wata 30. Babu mai iya biyan wannan. Aka sassauta zuwa fam 500 a shekara, aka kuma hana shi shiga Kent, Surrey, Sussex da Hampshire sai da yardar sarki. Masu karɓo irin waɗannan kuɗi, Richard Empson da Edmund Dudley, sun tara maƙiya, kuma Henry na Takwas ya sa an fille musu kai a 1510.

Nan ne sabon mai bincike ke tuntuɓe. In ya tara adadin da ke takardun lamuni ya ɗauka kuɗin shiga ne, lissafinsa ya rushe, domin mafi yawansu barazana ce da ba ta taɓa shiga asusu ba. Dole a gwada su da abin da aka karɓa a zahiri.

Kuɗin fam ne da sule da kwabo, irin wanda Najeriya ta yi amfani da shi kafin 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Magatakardan lokacin ba su da tsayayyar ƙa'idar rubuta suna, saboda haka a gwada Burgavenny da Bergavenny duka. Cikakkun littattafan biya sai daga 1495 suka fara, don haka shekaru goman farko suna da giɓi. Shafin da Turanci yake, kuma ba darasin tarihi ba ne. Ɗalibin jami'a da malami za su more shi ƙwarai, amma wanda bai san zamanin ba ya fara karanta tarihin sarkin tukuna.