Tukunyar gas ta totuwar masara: tana rage shan dizal amma tana son hidima

Masu tambayata kan tukunyar gas ɗin nan da wani mai walda a nan Gombe ya haɗa mana a wajen injin niƙa, wlh abin yana aiki. Ganga ce ta ƙarfe, ka cika ta da totuwar masara ko gawayi ka kunna wuta, amma iska kaɗan ake bari ta shiga, to maimakon wutar ta tashi sai ta riƙa fitar da gas, shi ake sanyayawa a tace a tura cikin inji. Ba sabon abu bane, lokacin yaƙin duniya na biyu motoci kusan miliyan ɗaya ne suka yi amfani da gas ɗin itace a Turai saboda rashin mai.

Namu injin dizal ne, dole a bar masa dizal kaɗan don shi ke tada wutar, amma abin da muke saye ya ragu fiye da rabi, kuma tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya san wannan ba ƙaramar magana bace.

Sai dai ƙarfi yana raguwa fa. Kusan rabin gas ɗin naitirojin ne wanda baya cin wuta, masu ci sune haidirojin da kabon monoksaid, kowanne wajen kashi 20 cikin 100. Mun jona gas ɗin da janareton fetur, fanka da fitila lafiya lau, ana kunna famfon bohol sai ya fara shaƙewa. Da bakanike ya gyara taimin, wato lokacin da fulogi ke bada wuta, ya ɗan farfaɗo amma bai kai na fetur ba.

Inda aikin yake shine kwalta, wato baƙin danƙon da ke biyo gas ɗin. Ka kuskura ka zuba totuwar da bata bushe ba, in ka buɗe filta zaka ga dusar katakon ciki ta koma baƙi ƙirin tana danƙo a hannu, in ta wuce nan kuwa bawul ɗin inji ne zai maƙale. Ɓuntun shinkafa ma da ake samu a banza wajen Dadin Kowa wannan samfurin baya so, tokarsa tayi yawa tana toshe wuta.

Abin da ya ɓata min rai, mai haɗawar bai ja kunnenmu kan kabon monoksaid ba, alhali bashi da wari kuma yana kisa. Don Allah duk wanda zai saya ya kafa ta a fili ƙarƙashin rumfa, kar yaran shago su kwana kusa da ita.