Zariya ko Afirka ta Kudu: Ina Ya Fi Dacewa Yaro Ya Koyi Tuƙin Jirgi?

Alhaji, kun tambaya ko ya kamata ku sayar da filinku na Lugbe da ke Abuja ku tura ɗanku Afirka ta Kudu ya koyi tuƙin jirgin sama, ko kuwa ku nema masa gurbi a Zariya, kuma ko kuɗin zai dawo.

Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, babbar fa'idarta ita ce da naira ake biya, yaro yana kusa da gida, lasisin da zai samu kuma na NCAA ne kai tsaye, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Matsalarta ita ce lokaci. Ɗalibin tuƙi da ido yake fara tashi, yana kallon ƙasa da sararin sama, don haka idan hazon hunturu ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, sai a wayi gari jiragen koyo suna jere a fili, ɗalibai cikin fararen riguna suna zaune suna jiran gari ya washe. Ga kuma yawan ɗalibai a kan 'yan jirage kaɗan, wanda yakan sa karatun ya zarce wa'adinsa.

A Afirka ta Kudu, makarantu irin su 43 Air School da ke Port Alfred suna da jirage da malamai isassu, yaro yakan gama da wuri. Sai dai komai da kuɗin waje ne, har abinci da masauki, kuma duk mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 bayan sakin farashin canji a Yunin 2023, abin da ya rutsa da iyaye da dama a tsakiyar karatun 'ya'yansu. Idan ya dawo ma, sai ya bi ta NCAA an mayar da lasisinsa na gida.

Amma abin da nake roƙon ku fi dubawa shi ne ranar da zai fito. Ko ta wace hanya ya bi, zai fito ne da lasisin tuƙin haya da awoyin tashi kusan 200, alhali lasisin da ake zama kyaftin da shi yana buƙatar awa 1,500. Kafin Air Peace ko Max Air ko Ibom Air su zaunar da shi a kujerar mataimaki, dole ya sami takardar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da suke tashi da shi, kamar Boeing 737, ita kuma dubban daloli ce daban, sau da yawa daga aljihun iyaye. Wannan gaɓar ce ta tsayar da da yawa daga cikin matasa 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan a 2013. Sun dawo da lasisi, aiki bai zo nan da nan ba.

Riba tana nan, domin albashin kyaftin yana da tsoka, kuma ana tuƙi har shekara 65, amma sai bayan shekaru na haƙuri take zuwa.

A ganina, kada a taɓa filin tukuna. A fara kai shi wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa gwajin lafiya na aji ɗaya, wanda ya haɗa da ido da kunne da zuciya, saboda rashin bambance launi kaɗai kan iya rufe ƙofar. Idan ya tsallake, Zariya ta fi muku, sannan kuɗin filin ya jira takardar samfurin jirgi. In kuwa wani kamfani ko gwamnatin jiharku suka buɗe gurbin ɗaukar nauyi, a nema da gaggawa, amma ku karanta sharaɗin shekarun da zai yi musu aiki, da abin da za ku biya idan bai kammala ba, kafin ku sa hannu.